Gurbin Mai Gudu

A gidan Alhaji Chaibou, Rékia ce ta fara jin sunan jami'ar, tun tana lise, wato babbar sakandare, a Rillieux-la-Pape kusa da Lyon. Malamarsu ta Ingilishi, Madam Nathalie, ta tsayar da ita wata rana bayan darasi, ta ce mata akwai wata tsohuwar jami'a a gabashin Amurka wadda in ta ɗauki ɗan talaka ita ke ɗauke masa komai, karatu da ɗaki da abinci. Ta ce shigarta da wuya ƙwarai, amma tun da take koyarwa ba ta ga ɗalibar da ta kai Rékia ba.

Alhaji Chaibou mutumin Damagaram ne. Tsofaffin firiji da tayoyi da injinan mota yake saye, ya cika kwantena ya tura Kwatano, daga can a haura da su Nijar. 'Ya'yansa biyu ne, duka mata, duka a Lyon aka haife su. Babbar sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiranta Rékia ba, sai Uwata. Da ta kawo masa zancen Amurka bai fahimci rabinsa ba, amma ya ce ta yi, ai karatu ne.

Ta kuwa yi. A bas karatu take, a ɗakin karatu na unguwa sai an zo rufewa take tashi. Ta koyi Ingilishi har Madam Nathalie ta daina gyara mata. Ranar Laraba da yamma tana koya wa yaran bene lissafi, don an ce mata jami'ar tana son ganin abin da mutum ya yi wa jama'arsa. Ta rubuta jarrabawarsu, ta aika takardunta, ta jira. Amsa ta zo a watan Maris, tana zaune a kicin da la'asar, mahaifiyarta Hajiya Kaltouma tana yanka albasa. Sun gode mata, sun ce masu nema sun yi yawa bana.

"Uwata, Allah bai yi ba," in ji Alhaji da ya dawo. "Ba laifinki ba ne."

Rékia ta ci bak, jarrabawar gama lise, da sakamakon da ba a taɓa gani a gidan ba, ta tafi Paris karatun lissafi, ta sauka wurin ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Kadidiatou, a Bobigny. Asabar da Lahadi tana zama a kan injin kuɗi a wani babban kanti. Ba ta sake ambaton Amurka ba, kuma ba wanda ya ambata mata.

Ƙanwarta Mutmainna ba ta taɓa son littafi ba. Ba daƙiƙiya ba ce, tana dai wucewa aji zuwa aji ba yabo ba fallasa. Abin da ta iya gudu ne. Wani dattijo mai suna Michel, mai horar da 'yan gudu a wani kulob na Lyon, ya gan ta a tseren 'yan makaranta ta bar sauran yara nesa, ya bi ta har gida ya roƙi Alhaji. Da farko Alhaji ya ƙi, daga baya ya yarda bisa sharaɗin ta riƙa sa dogon wando. Mita ɗari takwas take gudu, kewaye biyu na filin. A shekarar da ta rage mata aji ɗaya ta gama lise, ta zo ta biyu a gasar matasa ta ƙasa.

Bayan gasar da 'yan kwanaki ta kira Rékia.

"Yaya, wata mata ta rubuto mini da Ingilishi. Na sa waya ta fassara, amma ban yarda da ita ba. Bari in tura miki."

Rékia tana cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta buɗe saƙon. Matar sunanta Madam Hollis, ita ke horar da 'yan mata masu gudu a wata jami'a, ta ga tseren, za ta zo Paris a watan Yuli, tana son ganin Mutmainna da iyayenta. Rékia ta karanta sunan jami'ar a ƙasan saƙon. Sai da jirgin ya wuce tasharta ta ɗaga kai.

A falon wani otel kusa da Montparnasse aka haɗu. Alhaji ya hawo jirgin ƙasa daga Lyon cikin shaddarsa ta Juma'a, Mutmainna a gefensa tana ta cizon farce. Madam Hollis doguwa ce, mai furfura, mai fara'a, ba ta jin Faransanci ko kaɗan. Rékia ta zauna tsakaninta da mahaifinta, ita ce tafinta.

Matar ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce kowace shekara ofishin ɗaukar ɗalibai yana ware mata 'yan gurabe. Sunan da ta sa a gurbi, ba a cikin tarin dubban masu nema ake karanta takardunsa ba, gefe ake ajiye su. Akwai iyakar makin da ake so ɗaliba ta kai, in ta kai, da wuya ofishin ya ce a'a. Ta ce ta ga makin Mutmainna, ya kusa, Ingilishi ne kawai sai an tashi tsaye.

Rékia ta mayar da maganar Hausa, ba ta rage ko kalma ba. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ta.

"Uwata, wannan ba ita ce makarantar da kika nema ba?"

"Ita ce, Baba."

"To tambaye ta. Mai gudu da mai karatu, wa suke fara ɗauka?"

Ta tambaya. Madam Hollis ta yi murmushi, ta ce ba haka abin yake ba, kowa da ƙofarsa. Jami'a tana buƙatar masu ƙwaƙwalwa, tana kuma buƙatar wanda zai sa rigarta ya ci mata tsere. Masu ƙwaƙwalwa suna zuwa da kansu, sun fi ƙarfin kujerun da ke akwai. Yarinyar da za ta yi kewaye biyu a lokacin Mutmainna kuwa sai an tsallaka teku an nemo ta.

Kafin Rékia ta fassara, matar ta dube ta da kyau.

"Ingilishinki ya yi kyau sosai. A ina kika koya?"

"A nan. Na nemi jami'arku, ba a ɗauke ni ba."

"Ayya. Kina wani wasa?"

"A'a."

Madam Hollis ta gyaɗa kai a hankali, kamar likitan da ya ji abin da dama ya zata. "Ƙofar da kika bi ta fi kowace matsi," ta ce. "Na tabbata takardunki sun yi kyau."

"Me ta ce?" in ji Alhaji.

"Ta ce kowa da ƙofarsa, Baba."

Hutun bazarar nan Rékia ta ajiye aikin kanti ta koma Rillieux. Ba wanda ya tilasta mata. Mahaifiyarta dai ta ce a waya, "Ƙanwarki ba ta da kowa sai ke," ita kuma ta san gaskiya ne. Ta zaro tsofaffin littattafanta daga ƙarƙashin gado, waɗanda ta ja wa layi da jan biro, ta zaunar da Mutmainna a teburin kicin kullum bayan an dawo daga fili. Mutmainna takan yi hamma, ta kifa kai a kan littafi, ta ce kalmomin nan ba sa zama mata. Rékia takan ɗago ta su sake. Wani lokaci sukan yi dariya har Hajiya ta leƙo, musamman in Mutmainna tana kwaikwayon muryar Madam Hollis. Wani lokaci kuma Rékia takan tsinci kanta tana kallon ƙanwarta tana tuntuɓe a jimlar da ita ta haddace tun tana 'yar shekara sha biyar, sai ta tashi ta shiga bayi ta wanke fuska.

Labari ya bazu a benen. Matan Nijar da na Cadi da ke haɗuwa da Hajiya a kasuwar Laraba suna yi mata barka tun kafin a yi komai. Alhaji ya faɗa wa abokan cinikinsa har na Kwatano.

A ƙarshen Agusta Madam Hollis ta rubuto. Ta ce gurbi ɗaya ya rage mata na wannan tsere, kuma akwai wata yarinya a wata ƙasa da lokacinta ya yi kusa da na Mutmainna. Tana son Mutmainna, amma za ta so ta ga wani tsere kafin ta miƙa suna a watan Oktoba. Michel ya ce akwai gasa a Lyon a ƙarshen Satumba. Bai ji daɗin abin ba, ya ce lokacin hutun jiki ne, amma ya sa sunanta.

A makon ne Rékia ta shiga ɗakinsu da rana ta tarar da Mutmainna zaune a ƙasa, ta ɗora ledar daskararren wake a kan ƙafarta ta hagu.

"Mene ne wannan?"

"Ba komai. Gajiya ce."

Rékia ta durƙusa ta ɗage ledar, ta danna saman ƙafar da yatsa. Mutmainna ta ja numfashi ta riƙe bakin gado.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin mu je Paris. Da safe ne ya fi. In na yi ɗumi sai ya lafa."

"Michel ya sani?"

"In ya sani zai cire ni daga gasar. Yaya, don Allah. Tsere ɗaya ne. In ta sa sunana sai in huta har sanyi ya wuce."

"Mu je asibiti wurin lokotoro."

"Zai ce in daina gudu wata biyu. Ke kin san abin da hakan ke nufi, ke kika karanta mini saƙon." Ta kama hannun Rékia. "Ni ba ni da makinki. Wannan ƙafar kaɗai gare ni. In kin faɗa, kin kashe ni."

Rékia ta daɗe a durƙushe. Ta san abin da ya kamata ta yi. Ta kuma san yadda za a ji shi in ya fito daga bakinta, ita da aka ƙi, ana saura ƙiris a ɗauki ƙanwarta. Ta mayar da ledar kan ƙafar, ta tashi.

"Ki sa tawul a tsakani," ta ce. "Ƙanƙara tana ƙona fata."

Ranar gasar Asabar ce, rana ta fito, filin bai cika ba. Alhaji da Hajiya da Rékia suka zauna a sahun gaba. Michel yana bakin fili da agogo a hannu, wani yana ɗaukar bidiyo don a aika Amurka. Kewayen farko Mutmainna tana ta biyu, tana tafiya yadda ta saba, kai a miƙe. Da aka kaɗa ƙararrawar kewayen ƙarshe ta fito waje ta wuce ta gabanta. Alhaji ya miƙe tsaye, hularsa a hannu. A kwanar ƙarshe ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Ba ta yi tuntuɓe da kowa ba, ta dai dira a kanta sai ta tafi gaba ɗaya, kafaɗa ta fara kai wa ƙasa. Sauran suka kewaye ta suka wuce. Ta yunƙura ta tashi, ta taka sau ɗaya, ta sake zubewa.

A asibiti lokotoro ya nuna musu hoton. Wani ƙaramin ƙashi ne a tsakiyar ƙafa, ya daɗe da tsagewa, yau ya rabu. Ya ce sai an yi aiki an sa ƙusa, kuma ƙashin nan jini ba ya isarsa sosai, yana da wuyar haɗewa. Ya tambaya ko ta daɗe tana jin ciwo. Mutmainna ta ce a'a. Rékia tana tsaye a bakin ƙofa, ta dubi ƙasa.

Madam Hollis ta rubuto ranar Litinin. Ta ga sakamakon gasar a intanet, ta ga Mutmainna ba ta ƙarasa ba, tana fatan lafiya, tana son jin abin da likita ya ce.

"Rubuta mata targaɗe ne," in ji Alhaji. Suna kicin su uku, Mutmainna tana kan kujera, ƙafa a ɗaure a kan wata kujerar. "Ki ce mako biyu za ta warke."

"Baba, za ta nemi takardar lokotoro. Kuma in sun ɗauke ta a kan ƙarya suka gane, korarta za su yi."

"Kafin su gane ta warke."

"In ba ta warke ba fa?"

"Wa ya ce miki ba za ta warke ba? Ke ce Allah?"

Bai taɓa ɗaga mata murya haka ba. Da ya fita, Mutmainna ta juyo wurin Rékia.

"Yaya, wata ɗaya kawai nake nema. Ta miƙa sunan, shi ke nan. Kin iya Ingilishin da za ki faɗe shi ba tare da kin yi ƙarya ba."

Rékia ta gwada. Ta zauna da kwamfuta har aka kira magariba, tana rubutawa tana gogewa. Duk yadda ta juya maganar, ko dai ƙarya ce ko kuma matar za ta gane a layin farko. Daga ƙarshe ta rubuta abin da lokotoro ya ce. Ta ƙara da cewa Mutmainna yarinya ce mai taurin zuciya, cewa Ingilishinta ya ƙaru ƙwarai, cewa gidan nan gaba ɗaya ya dogara ga wannan gurbi, ta roƙe ta ta jira. Ta karanta wa Mutmainna da Faransanci kafin ta aika. Mutmainna ta ce, "Yi abin da kika ga dama," ta juya fuska bango.

Madam Hollis ta kira ta bidiyo bayan kwana biyu, kuma a fuskarta an ga abin ya dame ta. Ta ce ta san irin wannan karaya, ta ga waɗanda suka dawo, ta ga waɗanda ba su dawo ba. Ta ce gurbin ba nata ba ne ita kaɗai, na ƙungiya ne, ba za ta iya ba da shi ga wadda ba a san ranar tashinta ba. In Mutmainna ta warke ta dawo kan lokacinta, ta rubuto mata baɗi. Ta ce kuma ba abin da ya hana ta neman jami'ar kamar kowa.

Rékia ta fassara har nan. Mutmainna ta yi wata 'yar dariya.

"Kamar kowa. Gaya mata yayata ta riga ta gwada mana."

Rékia ba ta gaya mata ba. Ta yi godiya, aka kashe.

Ta koma Paris karatu ya riga ya yi nisa, aikin kanti kuma an ba wani. Jarrabawar Janairu ta zo mata da abin da ba ta saba gani ba, ta faɗi darussa biyu. In ta kira gida mahaifiyarta ke ɗauka. Alhaji yakan karɓa ya tambayi lafiyar Gwaggo da sanyi, ya mayar. Mutmainna kullum tana barci ko tana wanka. Daga Hajiya ta ji cewa an yi aikin, cewa ƙashin bai haɗe yadda ake so ba, cewa Mutmainna ta daina zuwa wasu darussa, Michel ya zo gida sau biyu ta ƙi fitowa.

A watan Afrilu lokotoron Lyon ya tura su wurin wani ƙwararre a Paris. Alhaji yana da kwantena a tashar ruwa, Hajiya ba ta san gari ba, don haka Mutmainna ta zo ita kaɗai, Rékia ta tarbe ta. Ta yi ƙiba kaɗan, tana ɗingishi, ta ƙi yarda a riƙe mata jaka.

Ƙwararren ya duba hotuna, ya murɗa ƙafar, ya sa ta taka a gabansa. Ya ce za a sake aiki. Bayan haka za ta yi tafiya ba ciwo, wataƙila har ta yi sassarfa a lambu. Mutmainna ta tambaye shi tsere fa. Ya cire tabarau ya ce ba zai yi mata alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Ya ƙara da cewa da an kama tsagewar tun farko, hutun 'yan makonni da takalmin roba sun isa.

A cikin taram, jirgin cikin gari, na komawa Bobigny suka sami kujeru biyu a jere. Ana yayyafi. Suka wuce tasha da yawa.

"Da kin faɗa wa Michel," in ji Mutmainna, tana kallon taga.

"Ke kika roƙe ni."

"Na sani. Ni yarinya ce. Ke ce babba." Ta ƙara da cewa, "Ranar da ya kamata ki yi magana kin yi shiru. Ranar da na roƙe ki ki yi shiru, kin yi magana. Kullum ina juya abin nan, Yaya."

"Ban yi don in cuce ki ba."

"Ban ce kin yi ba." Ta juyo ta dube ta. "Abu ɗaya zan tambaye ki. Da na faɗi a filin nan, kin ji sanyi a ranki? Ko kaɗan?"

Rékia ta buɗe baki. Ta so ta ce a'a nan take, kuma da ta faɗa da ba ƙarya ta yi ba, don ita ta fara tsallake shingen ta isa wurinta tana kuka. Amma ta tsaya neman amsar da babu ko ɗigon shakka a cikinta, kuma neman ya ɗauki lokaci. Mutmainna ta jira kaɗan, ta mayar da fuskarta taga.

"A'a," in ji Rékia.

"To."

Gwaggo Kadidiatou ta yi musu shinkafa da miyar gyaɗa, ta yi ta jan Mutmainna da hira, tana cewa ai karatu bai ƙare ba, ga bak nan tafe, ga makarantun koyon sana'a. Mutmainna tana amsawa da ladabi. Washegari ta ce jirgin safe za ta bi, ba sai an raka ta ba, ta gane hanya. Rékia ta sauko da ita har ƙofar bene duk da haka. Mutmainna ta gyara jakar a kafaɗa, ta ce a gaida Gwaggo in ta tashi, ta nufi tashar taram a hankali, tana jan ƙafar hagu.

Mutmainna ba ta ci bak ba a shekarar. Aka sake aikin a watan Yuli. Rékia ta maimaita ajinta, ta sami wani aikin a gidan burodi, hutun bazara ya zo ta ce wa mahaifiyarta ba a ba ta hutu ba.